Shirin Yaro Domin Wuni a Daji

Ƙasar Kazaure ƙasa ce mai duwatsu, balle wajen Roni. Da hutun damina, wajen watan Agusta, yara kan so su wuni a daji, ko tare da malaminsu, ko wajen kiwo. Wannan abu ne mai kyau, gama a can yaro kan san itatuwa da tsuntsayen ƙasarsu. Amma shirinsa a wuyan uba yake.

Da fari ka sa a tafasa ruwa, in ya huce a cika masa gora. Ka ba shi guzurin ƙuli-ƙuli, da malafa saboda rana, da takalmi saboda ƙaya.

Sa'an nan ka gargaɗe shi kan abu uku. Kada ya yi wanka a kududdufi, nan ake ɗaukar tsargiya, watau fitsarin jini. Kada ya sa hannu ƙarƙashin dutse, nan kunama da kububuwa ke ɓuya. In hadari ya taso, kada ya fake gindin dogon itace, saboda tsawa.

Babban da zai tafi da su kuwa, ka gaya masa, in maciji ya sari yaro, kada a tsaga wurin. A ɗauke shi a kai asibiti nan da nan.