Fijo 504: injin da ake sake wa sabon rai a garejin Maraɗi

A gidaje da dama na Maraɗi da Damagaram akwai wata Peugeot 504 da ke fake a ƙarƙashin bedi, tayoyi sun lotse, awaki na sha mata inuwa. Motar baba ce. Sayarwa ga masu jari-bola na da ciwo, gyara kuma na cin kuɗi, kuma sau da yawa ɗan da ke ci-rani ake jira ya yanke hukunci.

Tun 1968 aka fara ƙera ta a Faransa, daga 1975 kuma aka riƙa haɗa ta a Kaduna, shi ya sa kayanta suka wadata a Kano da Katsina, suna shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa. Yau an daina ƙera ta, jabun kaya kuma sun cika kasuwa.

Abin da ke ceton wannan injin mai silinda huɗu shi ne yadda aka gina shi. Hannun rigar da fistan ke kai-komo a ciki, wadda makanikai ke kira shamiz, zare ta ake yi. Idan mota ta fara hayaƙi tana shan mai, sai a sauya shamiz da fistan da zobbansa, ba sai an jefar da gangar injin ba. Wurin da ake asara shi ne kulas. Na alminiyam ne, zafi ya yi yawa sai ya lanƙwashe, ruwa ya haɗu da baƙin mai ya koma kamar kunu. Wanda ya ɗaura sabon fistan bai kai kulas an daidaita fuskarsa ba, bai wanke radiyata ba, to zai dawo gareji kafin watan Afrilu ya fita.

Masu son ƙari kan cire tsohon tsarin ba da wuta su sa na lantarki, wanda ba ya buƙatar saiti kullum. Wasu na ɗauko akwatin giya mai biyar na 505, don injin ya huta a doguwar hanyar Yamai. Mayar da ita mai shan gazuwal kuwa wani aiki ne daban, har takardun mota sai an gyara.

Mai turo kuɗi daga waje ya nemi a ajiye masa duk tsohon ƙarfen da aka cire, a kuma ɗauko masa hoton kwalin sabon kafin a ɗaura.