Cinikin Zinariya A Dubai: Shimfiɗar Fuska Da Gaskiyar Ma'auni

Duk wanda ya taɓa raka mace sayen zinariya ya san lamarin ya wuce na ado. A ƙasar Hausa sarƙa da awarwaro su ne asusun mace, su takan ɗauko ran da ciwo ya kama ɗa, ko jari ya karye, ko wata hidima ta taso ba shiri. Saboda haka idan Hajiya ta tsaya gaban mai kanti a wata ƙasa, ba ta jin harshensa, ba ta kuma san dokar garinsu ba, to, gumin shekaru ne ta ɗora a kan ma'auninsa. Wannan ne ya sa na ga ya dace in ba masu karatu labarin abin da na gani a kasuwar zinariya ta Dubai, sa'ad da na raka yayata sayen kayan auren 'yarta ta fari.

Ita wannan kasuwa tana unguwar Deira, a bakin mashigin ruwan teku da ya raba tsohon birnin biyu. Wanda ya fito daga ɗaya gefen yakan ƙetara a cikin wani ƙaramin jirgin katako da suke kira abra. Tun kafin a gano man fetur a Dubai a 1966, har kafin a kafa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 1971, garin ya yi suna wajen fataucin zinariya zuwa Indiya. Har yanzu kuwa galibin masu kantunan da yaransu mutanen Indiya ne. Kantunan sun kai ɗaruruwa, suna jere dama da hagu a ƙarƙashin rumfa, kowanne ya cika tagarsa da sarƙoƙi har ido ya rasa inda zai tsaya.

Ba mu yi taku goma ba sai wani saurayi ya tare mu daga bakin kantinsu da cewa, "Sannu Hajiya! Ina gajiya? Shigo, akwai kaya mai kyau!" Yaya ta dube ni ta ce, "Kai, ka ji Ba'indiye yana Hausa!" Ashe a bakin matanmu masu zuwa sarin kaya ya tsinci 'yan kalmomin. Kafin mu zauna an kawo ruwan sanyi, an kawo shayi, an jawo madubi. Duk sarƙar da Yaya ta taɓa sai ya rantse don wuyanta aka ƙera ta. Amma da na tambaye shi nauyin wadda ta zaɓa, sai ya faɗi kuɗinta a dunƙule, ya ce in mun biya yanzu zai yi rangwame, in mun fita kuwa ba ruwansa. Na ce, "Yaya, mu ɗan zaga tukuna." Ta tashi ba don ranta ya so ba.

Can gaba muka shiga wani ƙaramin kanti na wani dattijo Musulmi, mutumin Kerala ta kudancin Indiya. Shi ma ya ba mu wurin zama, ya sa aka kawo shayi. Amma bai ciro ko zobe ɗaya ba sai da ya yi tambaya, ni kuwa ina tafinta. Ya ce, "Hajiya, wannan zinariya ta kwalliya ce kawai, ko kuwa ajiya ce da yarinyar za ta iya sayarwa wata rana?" Yaya ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Gaya masa duka biyu, amma ajiyar ta fi."

Daga nan sai ya ɗauki takarda ya yi mana bayani dalla-dalla. Ya ce abu uku ne ke haɗuwa su zama kuɗin sarƙa, watau nauyinta, da farashin giram na wannan rana, da kuɗin ƙira. Farashin giram ba nasa ba ne, yana bin kasuwar duniya, ga shi can an rubuta a allon lantarki kowa yana gani, ba a tayi a kansa. Inda ciniki yake shi ne kuɗin ƙira. Shi kuwa kuɗin ƙira ran da aka tashi sayar da sarƙar ba ya dawowa, domin mai saye nauyi kawai zai biya.

Yaya ta nuna wata sarƙa mai duwatsu masu walƙiya, irin wadda ta gani a kantin farko. Dattijon ya girgiza kai ya ce, "Wannan ta fi kawo mini riba, amma ba zan ba ki shawarar ta ba. Yau za a auna duwatsun tare da zinariyar, ran sayarwa kuwa sai an cire su kafin a auna." Ya ciro wata marar dutse, mai sauƙin ƙira, ya ɗora a sikeli, ya juyo fuskar sikelin wajenmu don mu karanta da kanmu. Sa'an nan ya miƙo mini gilashin da maƙera ke duba ƙananan abubuwa, ya nuna mini lambar da aka buga kusa da maƙullin sarƙar: 916.

Masu karatu su riƙe waɗannan lambobi. Zinariya mai karat 24 ita ce zalla, lambarta 999, amma ta cika taushi ga kayan sawa na kullum. Mai karat 22 lambarta 916, watau kashi 916 cikin 1,000 zinariya ce, sauran wani ƙarfe ne kamar jan ƙarfe ko azurfa da aka gauraya don ta yi ƙwari. Mai karat 21, wadda Larabawa suka fi so, lambarta 875, mai karat 18 kuwa 750. Wanda ya biya kuɗin 22 aka ba shi 18 ya yi hasara babba, alhali ido kaɗai ba ya rarrabe su da tabbaci.

Akwai kuma wani abin da ya ƙara masa daraja a idona. Yaya ta zo da tsofaffin awarwaronta tana so a yi musaya ta cika kuɗi. Dattijon ya ce a'a, a raba cinikin biyu. Ya auna nata, ya saya, ya ƙirga mata kuɗinta a hannu, sa'an nan aka buɗe sabon ciniki. Haka kuwa malaman fiƙihu suka karantar, cewa ba a musayar zinariya da zinariya sai nauyi ya yi daidai, kuma hannu da hannu. Aka yi tayi a kan kuɗin ƙira, ya ce albarka sau biyu, a na uku ya sallama. Ya rubuta rasit mai ɗauke da nauyi da karat da farashin giram da kuɗin ƙira, kowanne a layinsa, har da harajin kashi 5 cikin 100 da ƙasar ta fara karɓa a farkon 2018. Ya kuma tuna mana cewa baƙo yana iya neman a mayar masa da mafi yawan wannan haraji a filin jirgin sama, in dai an yi masa rajista a kantin da fasfonsa.

Ba ƙaramin abu ba ne wannan gaskiya idan aka dubi yadda zinariya ke tsada. A watan Janairu na 1980, da oza ɗaya, watau giram 31 da ɗan ɗoriya, ta kai dala 850, sai da duniya ta girgiza. A 2020 ta haye dala 2,000, a 2025 kuma ta wuce dala 4,000. Ke nan giram biyu ko uku da aka ɓoye a cikin dutse suna iya cinye ribar da mace ta yi watanni tana tarawa.

Bayan biki wata maƙwabciyar Yaya ta tafi Dubai, aka kwatanta mata kantin. Da ta dawo ta ce dattijon ya tambaye ta ko amarya tana lafiya, ko kuma sarƙar ta yi mata daidai. Yanzu duk matar da za ta tafi daga wannan unguwa, wurinsa ake tura ta. Saurayin nan mai Hausa kuwa, babu wadda ta tuna inda kantinsa yake.

Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma gaskiya ne. Sai dai duka kantunan biyu sun yi mana shimfiɗar fuska, sun ba mu shayi. Wanda ya juyo mana da fuskar sikeli shi ya sami cinikin unguwa guda. Muna fata 'yan kasuwarmu na Kano da Kaduna da Ikko za su ɗauki darasi, matafiya kuma su sha shayin da aka ba su, amma kada su fito da kuɗi sai sun ga nauyi, sun ga lamba, sun karɓi rasit. Allah Ya ba mu halal, Ya tsare mu daga tauye ma'auni, amin.