Auna Ruwan Sama Daga Gajimare: Amfaninsa Ga Fataken Kudu

'Yan kasuwa Hausawa mazauna Coal Camp a Inugu, da takwarorinsu na Anacha da Fatakwal, arzikinsu ya rataya ne a kan ruwan da ke sauka ɗaruruwan kilomitoci nesa da su. Damina a Arewa ita ce ke yanke farashin wake da gero da dabbobi, kuma ita ce ke buɗe hanya ko ta toshe ta. A watan Oktoba na 2022, ambaliya ta shanye hanyar Abuja zuwa Lakwaja a wajen Koton Karfe, inda manyan motoci suka yi kwanaki a tsaye da kaya.

Saboda haka sanin yawan ruwan da ya sauka tun kafin ya isa kogunan Kwara da Binuwai ya zama batun tattalin arziki. Da yake tashoshin auna ruwa a ƙasa ba su wadata ba, masana sun koma ga gajimare.

Taurarin ɗan'adam na Meteosat, waɗanda ke nisan kimanin kilomita 36,000 daga doron ƙasa, suna auna sanyin saman gajimare. Hadarin da ya yi tsawo samansa ya fi sanyi, kuma gwargwadon daɗewarsa a kan wuri gwargwadon ruwan da ake ƙiyasta ya zubar. A kan wannan ƙa'ida shirin TAMSAT na Jami'ar Reading ta Ingila ya tattara ƙiyasin ruwan Afirka tun daga 1983.

Sai dai wannan dabara ta fi dacewa da hadarin yankin Sahel. A gaɓar teku ruwa kan sauka daga gajimaren da bai yi nisa sama ba, wanda tauraro kan raina yawansa. A nan ne na'urar rada ke da ranarta: tana aika igiyar rediyo cikin hadari, ƙarfin amon da ya dawo daga ɗigon ruwa shi ke nuna yawansa. Dukkan hanyoyin biyu sai an gwada sakamakonsu da ma'aunin ƙasa kafin a amince.

Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, NiMet, wadda doka ta kafa a 2003, tana fitar da hasashen damina kowace shekara. Abin da ya rage shi ne bayanin ya riƙa isa ga shugabannin kasuwa da direbobi cikin harshen da suke ji, tun kafin a yi lodi.