Hasken da ba shi da nauyi amma yana turi

Tun a shekarar 1619 masanin taurari Johannes Kepler ya lura cewa wutsiyar tauraro mai wutsiya kullum baya take ba wa rana, ko tauraron yana tunkararta ko yana barinta, sai ya yi zaton hasken rana ne ke kore ƙurar da ke yin wutsiyar. Zaton ya zauna babu hujja har 1873, lokacin da James Clerk Maxwell ya nuna da lissafi cewa lalle haske yana danna duk abin da ya sauka a kansa, sannan Pyotr Lebedev ya auna wannan danniya a Mosko wajen 1900, Nichols da Hull kuma suka tabbatar da ita a Amurka a 1901.

A nan ne ruɗani yake shigowa, domin ɗalibi ya saba da ƙa'idar Newton cewa momentam, wato ƙarfin bugu da abu mai tafiya yake ɗauke da shi, ana samunsa ne idan an ninka mas da gudu. Mas kuwa shi ne nauyin asali na jiki, wanda ba ya canzawa ko an kai abin duniyar wata. Tunda haske yana turi, sai a ce ai dole yana da mas. Kuskuren ba daga haske yake ba, daga ƙa'idar ne, wadda ta dace da jifa da mota amma ta gaza idan gudu ya kai na haske, wato kilomita 300,000 a daƙiƙa. Lissafin da ya biyo bayan aikin Einstein na 1905 ya nuna cewa foton, ƙwayar haske guda, ba shi da mas ko kaɗan, momentam ɗinsa kuma makamashinsa ne idan an raba shi da gudun haske. Da yake gudun nan ya wuce misali, turin ɗan mitsitsi ne: madubi mai faɗin murabba'in kilomita guda, idan ya fuskanci rana a nisan da duniya take, abin da zai ji bai cika nauyin kilo ɗaya ba, kuma ninki biyu ke nan na abin da baƙin allo zai ji, saboda madubi mayar da hasken yake yi, baƙi kuwa shanye shi yake yi.

Wannan bambanci shi ya tona asirin 'yar na'urar William Crookes, kwalbar gilashi mai filafilai huɗu da ke juyawa idan an ajiye ta a rana, kowanne da fuska baƙa da fuska mai ƙyalli. Har yau akan nuna ta da sunan shaidar turin haske, alhali daga ɓangaren baƙi ake tura ta, akasin abin da haske zai yi. Ragowar iskar da ke cikin kwalbar ce take ɗumama ta yi aikin.

A sararin samaniya, inda babu iskar da za ta tare, ɗan turin yakan taru yau da gobe har ya zama gudu. Da shi kumbon IKAROS na Jafan, mai shimfiɗaɗɗiyar leda ta kimanin mita 14 kowane gefe, ya ƙara sauri a kan hanyarsa ta zuwa duniyar Zahra a 2010.