Tsohon firigo da pampo: dabarar masu giya, amfanin masu ƙishirwa

Hausawa na cewa abincin wani gubar wani. Akwai wani aikin hannu da ya yaɗu a Amurka da ƙasashen Turai, wanda in aka ba da labarinsa a Birni ko a Zango jama'a za su yi tsaki: mutum ya ɗauki tsohon firigonsa, ya huda shi, ya ɗaura masa pampo, domin ya riƙa tsiyayar giya mai sanyi a gidansa kamar yadda ake yi a mashaya. Abin da suke zubawa ciki ba namu ba ne, addini ya hana, al'ada ta ƙi. Amma ita dabarar ba ta da laifin kowa, kuma garin da zafinsa ke wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu bai kamata ya kau da kai daga hikimar sanyaya abin sha ba.

Yadda suke yi

Abin ya ƙara bunƙasa a Amurka bayan shekarar 1978, lokacin da shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a kan dokar da ta yarje wa mutane dafa giya a gidajensu. Masu wannan sha'awa suka tarar da ƙananan gangunan ƙarfe masu cin kusan lita 19, waɗanda kamfanonin Pepsi da Coca-Cola suka daina zuba lemo a ciki, suka mayar da su nasu. Ana cire katangun cikin firigo, a tsayar da ganga, a haɗa ta da tukunyar gaz ɗin nan mai sa lemun kwalba kumfa, wato CO2. Gaz ya danna abin shan, ya hau cikin tiyo, ya fito ta pampon da aka kafa a jikin ƙofa. Sanyin da suke so shi ne wajen digiri 3, kuma ƙa'idarsu ita ce a wanke tiyo kowane mako biyu, domin in an yi sakaci ƙwayoyin cuta su yi gida a ciki.

A nan Damagaram

Giya ba ta taɓa samun mazauni a zauren Badamagare ba. Ba a manta ba, a tarzomar 16 ga Janairu 2015, wadda aka yi hasarar rayuka a cikinta, mashaya na daga wuraren da aka ƙona. Saboda haka ba muna kiran kowa ga kwaikwayon abin da ke cikin gangar ba ne. Abin lura shi ne ƙishirwar garin nan, da kuma hannun masu sana'arsa. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, maƙeran Damagaram sun ƙera igwa a cikin birni. Jikokinsu ba za su gagara huda ƙofar firigo ba.

Ko yanzu ma tsohon firigo ba ya mutuwa a nan. Wanda injinsa ya lalace akan kwantar da shi ya zama akwatin ajiyar ƙanƙara. Mai sauran rai kuwa shi ne jarin mata da yawa a cikin gidaje, masu ƙulla zoɓo da lemun tsamiya da ruwan sanyi a leda, yara na kaiwa Kasuwar Dole da tasha, balle a watan azumi.

To, a nan ne dabarar pampo za ta yi rana. Mai sayar da ruwa ko zoɓo ba ya bukatar tukunyar gaz: in an ɗora bidon a sama, aka kafa pampo ƙasa da shi, ruwa da kansa zai gangaro. Ribar iri uku ce. Ba a yawan buɗe ƙofa, saboda haka sanyi ba ya tserewa, kuɗin kuran na NIGELEC su ragu. Ba mai tsoma hannu ko moɗa a cikin abin sha, wannan kuwa babban kāriya ne a ƙasar da ta san annobar amai da gudawa. Sannan ledojin da ke cika titunanmu, awaki na ci suna mutuwa, za su ragu.

Inda gizo ke saƙa

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Na farko, ƙofa kaɗai ake hudawa, domin a bangon gefe da na baya akan binne bututun gaz mai kawo sanyi da wayoyin wuta. Huda ɗaya ta isa ta kashe firigo. Tsofaffin injuna na aiki da gaz R-12, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina yinsa saboda yana ɓata rufin sararin samaniya. Sababbi da yawa na aiki da R-600a, shi kuwa yana kama wuta. Wannan aikin mai gyaran firigo ne wanda ya ƙware, ba na ɗan koyo ba.

Na biyu, mazubi. Bidon ɗin da ya taɓa ɗaukar esansi ko maganin ƙwari ba ya komawa na abin sha, ko an wanke shi sau goma. Zoɓo da tsamiya suna da tsami mai cin tagulla da farin ƙarfen da aka garwaya da dalma, ga dalma guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yara. A nemi pampon roba na abinci ko na ƙarfen da ba ya tsatsa. Abin da ke da sukari kuma ba ya jiran mako biyu: kullum a wanke tiyo da ruwan zafi.

Na uku, wuta. Da Nijeriya ta yanke mana kuran a watan Agusta 2023, har zuwa Maris 2024, masu sana'ar sanyi sun ji a jikinsu. Bidon cike da ruwa a cikin firigo rufe yakan riƙe sanyinsa awoyi da dama, wannan ma wata riba ce ta pampo. Duk da haka kada a raina randa. Wani malami daga jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sami kyautar Rolex a shekarar 2000 saboda tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani, ba waya ba inji.

Ya rage ga cibiyoyin koyon sana'a su sa wannan aiki cikin karatunsu, ma'aikatan tsabta kuma su riƙa duba abin da ake shayar da jama'a. Wasu sun ƙirƙiro dabarar don nishaɗi. In muka ɗauke ta da hankali, a wurinmu abinci ce ga iyali, sadaka ce a ƙofar masallaci. Allah ya sanyaya mana.