Amosanin Jini da Tsarin Iyali ga Ma'aurata Masu Ɗauke da Ƙwayarsa

Amosanin jini, wanda aka fi sani da sikila, ciwo ne na gado da ke sa jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje har su toshe ƙananan jijiyoyi, lamarin da ke haddasa matsanancin ciwon ƙashi da ƙarancin jini. Ba a haifar yaro da shi sai ya gaji ƙwayar S ta ɓangaren uwa da na uba, ya zama SS, ko ya haɗa S da wata ƙwaya mai lahani kamar C. Wanda ya gaji guda ɗaya tak, wato AS, galibi lafiyarsa ƙalau, har yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa ƙwayar ta yawaita a Afirka ta Yamma. An ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kimanin 150,000 da ciwon a Nijeriya kowace shekara.

Idan miji da mata duk AS ne, yiwuwar haifar SS kashi 25 ce cikin ɗari, ta AS kashi 50, ta AA kuwa, wato wanda bai gaji ƙwayar S ko ɗaya ba, kashi 25. Wannan lissafi sabo yake komawa a kowane ciki, domin haihuwar ɗa mai sikila ba ta tabbatar wa ƙannensa lafiya, kamar yadda haihuwar lafiyayyu uku ba ta nuna makomar na huɗu.

Gwajin jini kafin aure, wanda Jihar Kano ta wajabta da doka a 2024, shi ne rigakafi mafi sauƙi, musamman inda auren zumunci ke haɗa masu gado ɗaya. Waɗanda suka riga suka yi aure kuwa, likita kan bayyana musu zaɓin da ke gabansu: taƙaita haihuwa da ba ta tazara, gwada ɗan tayi ta hanyar ɗibar ɗan yanki na mabiyiya wajen mako na 11 zuwa 14, ko dashen ƙwai bayan an tantance shi a ɗakin gwaji, hanyar da tsadarta ta fi ƙarfin yawancin iyalai. Hukunci na ma'auratan ne, gwargwadon ƙarfinsu da abin da addininsu ya halatta.

Idan an haifi jariri, gwada shi da wuri yana ba da damar fara ba shi fenisilin, allurar rigakafi da kariya daga sauro tun yana ƙarami, matakan da ke rage mace-macen yara masu sikila ƙwarai.