Tsirkiyar Ud Tsakanin Hunturu da Daminar Abuja

Duk wanda ya shiga kasuwar Wuse ya ce ud yake nema, shagon turare za a nuna masa. Ba laifi, domin kalmar guda ce. A Larabci, al-ud na nufin itace, kuma daga nan aka samo sunan turaren, aka kuma samo sunan abin kiɗan nan mai ƙaton ciki da gajeren wuya, wanda wasu ke kira molon Larabawa. Na biyun nan ne ke shigowa Abuja a hankali, a cikin kayan ma'aikatan da suka dawo daga taro a Alƙahira ko Istanbul ko Dubai. Wani saya ya yi saboda sha'awa, wani kuma kyauta aka yi wa maigidansa, maigidan ya miƙa masa.

Wani abokina, hadimin wani babban jami'i, ya dawo da irin wannan tsaraba a watan Satumba, ana tsakiyar ruwa. Ya rataye ta a bangon falo, dab da na'urar sanyaya ɗaki, yana jiran ranar da zai sami sukunin koyo. Wata safiya cikin Janairu ya tarar tsirkiyoyin sun saki suna reto, ga kuma wata siririyar tsaga ta ratsa fuskar itacen. Babu wanda ya taɓa, babu abin da ya faɗo. Iskar garin ce kawai ta yi aikinta. Da ya fita neman mai gyara, masu gyaran jita da piyano ya yi ta samu, kowa na cewa bai taɓa riƙe irinsa ba. Abin da ya koya bayan asarar shi ne, wanda ya mallaki ud a wannan gari dole ya zama shi ne mai kula da abinsa, kuma kulawar daga tsirkiya take farawa.

Baƙon da ba baƙo ba

Ud yana da tsohon tarihi. Masanin falsafar nan na Bagadaza, Al-Kindi, ya yi rubutu a kan ƙirarsa da tsirkiyoyinsa tun a ƙarni na 9. A wannan ƙarnin ne kuma mawaƙi Ziryab ya ƙaura zuwa Ƙurɗuba ta Andalus, kuma shi ake dangantawa da ƙara tsirkiya ta biyar a kan huɗun da aka saba, tare da kaɗa su da gashin mikiya. Har yau Larabawa na kiran abin kaɗawar risha, wato gashin tsuntsu, ko da kuwa da roba aka yi shi.

Ba yau Hausawa suka san wannan abin kiɗa ba. A Sudan, inda zuriyar mahajjatan ƙasar Hausa suka zauna, an yi A'isha al-Fallatiya, wadda iyayenta suka fito daga yankin Sakkwato. A 1942 ta zama mace ta farko da ta yi waƙa a gidan rediyon Omdurman, kuma 'yar'uwarta Jidawiyya ce ke kaɗa ud. A'isha ta rasu a 1974, amma har yanzu ana jin waƙoƙinta a Sudan.

Sassan ud ɗin ma ba za su ba Bahaushe mamaki ba. Cikinsa kamar ƙwarya yake, sai dai da siraran itatuwa aka haɗa shi, aka manne su da gam. An rufe bakin ƙwaryar da wani sirin katako da ake kira fuska. A kan fuskar akwai ɗan itacen da ake ɗaura tsirkiyoyi, wanda Larabawa ke kira faras, wato goɗiya. Masu goge da garaya a nan jaki suke kiran nasu. Su sun ɗora wa doki kaya, mu mun ɗora wa jaki, amma aikin ɗaya ne. A ƙarshen wuya akwai ɗan ƙashi mai tsage-tsage da tsirkiyoyi ke bi ta kai, ana ce masa hanci. Bayan hanci sai gidan makullai, wato 'yan sandunan itace da ake murɗawa don ɗamewa ko sassautawa.

Abin da ya kamata a sani kafin a saya

Ud na yau da kullum yana da tsirkiya 11: biyar tagwaye, sai guda ɗaya mai kauri ita kaɗai. Akwai mai 12 da mai 13. A da, da hanjin dabba da siliki ake yin su. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu nailan ya maye gurbinsu a yawancin wurare. Siraran na ƙasa nailan ne zalla, masu kaurin kuwa an naɗe su da siririyar wayar tagulla mai ruwan azurfa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaura wa ud tsirkiyar jita, saboda ita ce ake samu cikin sauƙi a shagunan kayan kiɗa. Tsirkiyar jita ta fi ƙarfin ja, fuskar ud kuwa ba ta wuce kaurin 'yan milimitoci ba, kuma jakinsa da gam kawai aka manna shi. Kowace tsirkiyar ud tana jan kimanin kilo 3 zuwa 4, wato gaba ɗaya fiye da kilo 30 ke kan wannan ɗan katako dare da rana. Idan aka ƙara masa nauyi, ko jakin ya ɓalle, ko fuskar ta kumbura, ko wuyan ya tanƙware. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa.

Abu na biyu shi ne awo. A ɗauki tef a auna daga hanci zuwa jaki. Ud ɗin Larabawa yakan kai santimita 61 ko kusa da haka, na Turkawa kuwa kimanin 58 da rabi, kuma ana ɗame shi sama da na Larabawa. Kamfanoni irin su Pyramid na Jamus da Aquila na Italiya da La Bella da D'Addario na Amurka suna rubuta irin ud ɗin da kowane ƙunshi ya dace da shi. Wanda zai yi aike, ya faɗa wa ɗan aiken tsawon da irin ɗamewar, kuma ya sayi ƙunshi biyu. Ma'aikacin da ya saba jiran takarda ta fito daga ofis zuwa ofis ya san zafin jiran tsirkiya guda ta zo daga wata ƙasa.

Yadda ake ɗaurawa

Kafin a kwance komai, a ɗauki hoton gidan makullai da waya. Kowace tsirkiya tana da makullinta, kuma an tsara su ne yadda ba za su haye juna ko su goge juna ba. Wanda ya kwance duka ba tare da hoto ba zai ɓata yini yana lalube.

Kada a cire tsirkiyoyin gaba ɗaya lokaci guda. A bi su tagwaye-tagwaye: a cire biyu, a ɗaura biyu, a matsa gaba. Haka zai sa nauyin da ke kan fuska ya ci gaba da zama daidai, kuma hancin, wanda sau da yawa matsin tsirkiya ne kawai ke riƙe da shi, ba zai faɗi ya ɓace ba.

A jaki ake farawa. A zura tsirkiyar ta cikin ramin, a dawo da wutsiyarta ta kewaye kanta, sannan a cusa ta ƙarƙashin madauki. Mai kauri sau ɗaya ya ishe ta, amma nailan zalla tana da santsi, sai an murɗa ta sau biyu ko uku, in ba haka ba za ta zame ta daki fuskar ta bar tabo. Yana da kyau a shimfiɗa ɗan kwali a bayan jaki yayin wannan aiki. A kuma lura tagwayen su zauna a tsayi ɗaya, domin idan ɗaya ta fi ɗaya tashi, yatsa ba zai danne su tare ba.

Kafin a kwantar da tsirkiya a kan hanci, a goga bakin fensir a cikin tsagar. Baƙin fensir yana sa ta zame ba tare da ta sarƙe ba. Yawancin tsirkiyar da ke tsinkewa tun tana sabuwa a nan take tsinkewa. Daga nan a zura ta a ramin makulli, a murɗa a hankali yadda naɗin zai kwanta a jere, kada ya hau kansa, kada kuma ya matse jikin gidan makullai. Makullin ud ba shi da haƙoran ƙarfe irin na jita. Itace ne cikin itace, don haka ana murɗawa ne ana ɗan turawa ciki.

Ɗamewar da ta fi yaɗuwa a ƙasashen Larabawa, daga mai kauri zuwa siririya, ita ce Do, Fa, La, Re, Sol, Do. Manhajar gwada sauti ta waya ta isa ta yi jagora. Amma a sani sabuwar nailan tana miƙewa. Za a ɗame da safe, da yamma a tarar ta sauka, kuma haka za a yi ta fama har mako guda ko biyu kafin ta zauna. Wanda ya ƙosa ya ɗame ta fiye da ƙima don ta yi saurin zama, shi ne zai ji ƙarar tsinkewa. Sannu ba ta hana zuwa.

Gari mai fuska biyu

Masu ƙera kayan kiɗa na itace sun fi son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100. Abuja kuwa ba ta san tsaka-tsaki ba. Daga Afrilu zuwa Oktoba iska cike take da laima, daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma hunturu ya busar da komai, har leɓen mutum. Itace yana shan laima ya kumbura, yana rasa ta ya tsuke.

Da damina makullai kan cije. Kada a sa ƙarfi ko filaya, domin makullin zai karye ko gidan ya tsage. A ɗan ja shi waje ana jijjigawa, in ya fito a goga masa busasshen sabulu kaɗan. Wayar da ke naɗe da tsirkiyoyi masu kauri ma takan yi baƙi da wuri saboda gumi da laima, shi ya sa ake share su da busasshen ƙyalle duk bayan kiɗa.

Da hunturu kuma akasin haka ake gani. Makullai kan saki, mutum ya wayi gari ya ga tsirkiya na lilo. Alli na makaranta, idan aka goga a jikin makullin, yana ƙara masa kamu. Haɗarin da ya fi girma shi ne tsagewar fuska da buɗewar haɗin ƙwarya. Maganinsa bai da tsada: a ajiye ud a cikin akwatinsa a rufe, a sa ɗan soso mai laima a cikin robar sabulu da aka huhhuda, a ajiye a gefe yadda ruwa ba zai taɓa itacen ba. Na'urar sanyaya ɗaki tana ƙara busar da iska, don haka bangon ofis ko na falo mai sanyi shi ne mafi munin wurin rataya. Haka ma but ɗin mota da aka ajiye a rana a harabar Sakatariyar Tarayya, domin zafi yana narkar da gam. Wanda zai yi doguwar tafiya, ko aka tura shi kwas na watanni, ya ɗan sassauta tsirkiyoyin kafin ya tafi.

Mai kaɗawa kullum zai buƙaci sababbin tsirkiyoyi bayan 'yan watanni. Alamomin a bayyane suke: murya ta dushe, naɗin waya ya fara warwarewa, ko tagwaye sun ƙi daidaita ko ta yaya aka murɗa.

Ilimin da ke gida

Babu ɗaya daga cikin waɗannan dabaru da zai zama sabon labari ga makaɗanmu na gargajiya. Mai goge ya san izgar doki tana saki da damina, ya kuma san ya ɗan shanya ƙoƙon a rana ko ya kusanta shi da wuta don fatar ta ɗame. Mai garaya da mai molo da igiyar fata suke ɗaure tsirkiya a jikin sanda, su tura ta sama ko ƙasa har sai kunne ya gamsu. Marigayi Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa, da marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya tak, duk a cikin wannan hunturu da wannan damina suka yi shekaru suna kiɗa. A wajensu, gyaran abin kiɗa wani ɓangare ne na iya kiɗan.

A Alƙahira akwai Baitul Ud, makarantar da makaɗin Iraƙi Nasir Shamma ya kafa, inda ake koyar da kaɗawa, ake kuma ƙera ud ɗin. Mai ud a Abuja ba shi da irin wannan gata a kusa, amma yana da maƙwabta da suka san halin itace da fata a wannan yanayi. Idan makaɗan gargajiya suka zo wasa a cibiyar al'adu ta Cyprian Ekwensi da ke Garki, ko wajen wani biki, ya dace a tsaya a kalli abin da suke yi da kayansu kafin su hau dandamali.

Abokin nawa dai ya sami wani kafinta mai haƙuri da ya yarda ya bi umarni, aka manne tsagar da gam, aka ɗaura sababbin tsirkiyoyi a cikin kwana biyu. Tabon yana nan, kuma muryar ba ta koma yadda take ba. Yanzu ud ɗin a akwati yake kwana, a ƙarƙashin gado, da ɗan sosonsa a gefe. Kowace Asabar yakan fito da shi, ya jiƙa soson, ya murɗa makullai, sannan ya zauna darasi.